Rigar kariyar 'yan majalisar Ingila kafin 1689: daga wa take kare su?

Dalibin_Shari'a:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana tarihin majalisa da ke wannan zaure. A darasin tsarin mulki ana cewa 'yancin magana da kariyar ɗan majalisa a Ingila sun kafu ne da dokar haƙƙoƙi ta 1689. Kuma ana cewa tun zamanin Sarki Henry na Takwas kakakin majalisa ke roƙon sarki waɗannan haƙƙoƙi ranar buɗe zama. To me ɗan majalisa yake da shi a hannu daga 1500 zuwa 1689? A fahimtata suna ne kawai, tunda sarki kan jefa wanda ya ga dama a kurkuku. A yi mini gyara in ba haka ba ne.

Barista_Gwale:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sai an raba abu biyu tukuna. Kariya daga kamu daban, 'yancin magana daban. Ta farkon ta yi aiki ƙwarai, amma masu bin bashi take tarewa. A wancan zamani wanda ya ci bashi ya kasa biya, mai kuɗi na iya sa a tsare shi har sai ya biya. Ɗan majalisa kuwa ba a taɓa shi kan irin wannan ƙara muddin ana zama, har da kwanakin tahowa da na komawa gida. Daga baya al'ada ta tsaya a kan kwana 40 kafin zama da 40 bayansa. Abu uku ne ba ta rufe ba: cin amanar ƙasa, manyan laifuffuka irin su kisa da fashi, da ta da zaune tsaye.

Ka dubi abin da ya faru da George Ferrers, wakilin Plymouth, a 1542. Ya tsaya wa wani a bashi, aka kama shi yana hanyar zuwa majalisa aka kai shi wani gidan kaso na birnin Landan. Majalisar Wakilai ta aika dogarinta da sandar majalisa ya taho da shi. Ma'aikatan gidan suka hana, aka kaure da faɗa har kambin da ke kan sandar ya karye. Wakilai suka ajiye aiki suka kai kuka Majalisar Iyayen Ƙasa, wato majalisar sama ta masu sarauta. Shugaban shari'a na masarauta ya ce zai rubuta musu takardar umarni a sake shi, suka ce ba sa bukata, sandar kaɗai ta isa umarni. Aka sake tura dogarin, aka ba shi Ferrers, sannan majalisa ta aika manyan jami'an birnin da suka yi taurin kai kurkukun Hasumiyar Landan na 'yan kwanaki. Henry na Takwas da kansa ya goyi bayansu. Daga nan majalisa ta fara ƙwato mutanenta da ikon kanta, ba tare da ta jira takarda daga wata kotu ba.

Bakatsine82:
Barista, a ƙara da cewa Ferrers ma'aikacin fadar sarki ne. Goyon bayan da Henry ya ba su bai rasa nasaba da wannan ba.

Malama_Tarihi:
Haka ne, kuma batun bashin bai ƙare a kan Ferrers ba, domin akwai wani ƙulli na shari'a da ya rage. A dokar lokacin, in kotu ta riga ta yanke hukunci an tsare mutum a kan bashi, sai kuma aka sake shi, mai kuɗi ba shi da damar sake kama shi a kan wannan bashin. Shugaban gidan yarin da ya bari ya fita kuwa ana iya bin sa kuɗin daga aljihunsa. Wannan ne ya jawo rikicin Sir Thomas Shirley a 1604. An kama shi 'yan kwanaki kafin a buɗe majalisar farko ta Sarki James na Ɗaya, aka sa shi a kurkukun Fleet. Shugaban kurkukun ya ƙi sakinsa don tsoron bashin ya dawo kansa. Majalisa ta jefa shi Hasumiya, da ya ci gaba da ƙi aka mayar da shi wani ƙuntataccen ɗaki a can, duk da haka bai sauko ba sai da aka nemi sarki a ɓoye ya sa baki. Maganin da aka yi shi ne doka a wannan shekarar: mai kuɗi zai iya sake neman a kama ɗan majalisar bayan kariyarsa ta ƙare, kuma ba za a bi ma'aikacin kurkuku komai ba don ya saki wanda majalisa ta nema.

Dan_Damagaram:
To barorinsu fa? Na ga ana cewa har yaran gida kariyar ke rufewa.

Malama_Tarihi:
Tana rufe su, Malam, kuma nan ɓarna ta fi yawa. A 1576 Edward Smalley, baran wani wakili mai suna Arthur Hall, ya shirya aka kama shi da gangan don majalisa ta fito da shi bashin ya bi ruwa. Majalisa ta fito da shi da sanda, da ta gano dabarar sai ta tura shi Hasumiya wata guda ta kuma ce ya biya. A ƙarni na 17 har takardun kariya wasu wakilai da iyayen ƙasa ke bai wa mutanen da ba barorinsu ba ne, 'yan kasuwar Landan suna ta kuka. Ba a cire barori daga kariyar ba sai 1770.

Dalibin_Shari'a:
Na gode. Amma duk wannan tsakanin wakili da ɗan kasuwa ne. Tambayata a kan sarki take.

Alhaji_Tsohon_Malami:
Yaro, a kan sarki kana da rabin gaskiya. Roƙon 'yancin magana na farko da aka adana shi ne na Thomas More lokacin da ya zama kakaki a 1523, kuma abin da ya nema shi ne sarki ya yi wa wakilai uzuri in harshensu ya zarce wajen tattauna abin da aka kawo gabansu. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya roƙon ya zama al'ada a kowace sabuwar majalisa: 'yancin magana, kariya daga kamu, damar ganin sarauniya, da kyautata zato ga abin da suka faɗa. Ita kuma ta shata iyaka. Sha'anin kasuwanci, noma, talakawa da gyaran shari'a, su yi ta magana. Aurenta, wanda zai gaje ta, addini da hulɗa da ƙasashen waje, ba mai taɓawa sai ta ba da izini.

Peter Wentworth ya ƙi yarda da wannan iyaka. A Fabrairun 1576 ya tashi ya soki yadda ake yawo da raɗe-raɗin abin da sarauniya ke so da wanda ba ta so don a tsorata wakilai. Abin lura shi ne majalisar ce da kanta ta katse shi, ta kafa kwamiti ya yi masa tambayoyi, ta aika shi Hasumiya, sarauniya ce ma ta sake shi bayan kimanin wata guda. A 1593 ya ɗauko maganar gadon sarauta, wannan karon fada ta kulle shi, a can ya rasu a 1597. Mutum ne da ya cancanci a riƙa tunawa da shi, don ya san abin da zai same shi ya kuma yi maganar.

Barista_Gwale:
Allah ya gafarta Malam, kada a manta da dokar Strode ta 1512. Richard Strode ya kawo ƙuduri a kan ɓarnar da masu haƙar kuza ke yi wa koguna da tashoshin ruwa a Devon, kotunan masu haƙar suka ci shi tarar fam 160 suka kulle shi a Lydford. Majalisa ta yi doka ta soke hukuncin. Gardamar da aka shafe shekaru ana yi ita ce: dokar ta Strode ce shi kaɗai, ko ta kowane wakili ce har abada?

Akawun_Zaure:
Ina ganin ba za a gane ƙarfin sarki a majalisar ba sai an san yadda ake tafiyar da aiki a ciki, don mafi yawan lokaci ba ya bukatar kama kowa. Ga hanyar ƙuduri a ƙarshen zamanin Elizabeth. Ana kawo shi a rubuce a takarda. Babu kofe da ake raba wa wakilai, don haka akawu ke karanta shi da ƙarfi daga farko har ƙarshe, kakaki kuma ya taƙaita shi daga wata 'yar takarda da aka haɗa masa. Wannan ne karatu na ɗaya, ba a cika muhawara a nan ba. A karatu na biyu ake zuba magana, sannan a yanke ko a miƙa wa kwamiti ko a wuce da shi kai tsaye a kwafe a fata. Wanda ya soki ƙudurin daga tushe ba a sa shi a kwamitinsa. Kwamiti ba ya kankare komai a jikin takardar, gyare-gyarensa a wata takarda dabam yake kawowa a karanta su sau biyu. In an amince, akawu ya kwafe duka a fatar rubutu. Bayan an kwafe gyara ya yi wuya, in abu mai yawa ne sai a rubuta shi a wani ƙyallen fata a ɗinke a jiki, shi ma a karanta shi sau uku. Daga karatu na uku sai akawu ya rubuta a kai da tsohon Faransanci cewa a miƙa wa iyayen ƙasa, wasu wakilai su ɗauka su kai.

Inda abin ke lalacewa shi ne lokaci. Ana zama daga wajen ƙarfe 8 na safe zuwa 11 ko 12, kwamitoci da rana a wurare dabam-dabam, sau da yawa mutane ba sa zuwa. Ƙuduri da yawa ba kayar da su aka yi ba, a kwamiti suka kwana har zama ya ƙare. Kakaki ne ke zaɓar wanda za a karanta yau da wanda zai jira, kuma kakakin fada ce ke tsayar da shi, majalisa ta tabbatar. Fam 100 yake karɓa daga masarauta a kowane zama, ban da fam 5 a kan ƙudurin da ya shafi wani mutum ko wani gari. 'Yan majalisar sarauniya da ke cikin wakilai kuma kusa da kujerarsa suke zama, suna iya yi masa raɗa.

Hajiya_Laburare:
Akawu, ka tsallake ƙuri'a, kuma nan ne ginin da kansa ke shiga siyasa. Tun wajen 1547 wakilai a tsohon ɗakin ibada na St Stephen suke zama, har gobarar 1834. Wakilai sun kai 462 a ƙarshen mulkin Elizabeth, ɗakin kuwa ba ya ɗaukar su. Ana fara da ƙuri'ar murya, kakaki ya faɗi ɓangaren da ya ji ya fi ƙarfi. In an yi musu sai a rabu, amma ɓangare ɗaya ne ke fita zaure, ɗayan ya zauna a ƙirga shi a zaune, mutum biyu daga kowane ɓangare ke ƙirgawa. Masu son a kawo sabon abu su ke fita. Wanda ya sami wurin zama da ƙyar ba ya son tashi wani ya maye, haka mai jin kunyar a ga inda ya karkata, duk sai su ƙara wa masu cewa a'a yawa.

A Disambar 1601 an yi ƙuri'a a kan ƙudurin tilasta zuwa coci ranar Lahadi, masu goyon baya 105, masu ƙi 106. Aka yi ƙorafi cewa an riƙe hannun rigar wani wakili an hana shi fita, Sir Walter Raleigh ya tashi ya ce wannan ba wani abu ba ne, shi ma ya sha yin haka, majalisa ta ɗauki hayaniya. Masu goyon baya suka nemi kakaki ya jefa tasa ƙuri'ar, aka tsaya a kan cewa ba shi da ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a ɗaya. Tsarin zaure biyu, kowa ya tashi, sai 1836.

Bakatsine82:
A wajen iyayen ƙasa kuma ɗaya bayan ɗaya ake tambaya, daga mafi ƙanƙantar muƙami zuwa sama, kuma wanda bai zo ba yana iya ba wani wakilcin ƙuri'arsa. Duke na Buckingham, na hannun daman sarki, ya tara 13 a hannunsa, shi ya sa a 1626 aka ce kada kowa ya riƙe fiye da biyu.

Dan_Damagaram:
Ashe zancen sanda tsoho ne. Shi ya sa da aka sace ta Majalisar Dattawan Najeriya a Afrilun 2018 sai da aka kawo wata kafin a ci gaba da zama.

Barista_Gwale:
Daga can aka gado ta, da karatu uku da ƙuri'ar murya. Amma a kula, sashe na 308 na tsarin mulkin Najeriya shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu ya rufe, ban da 'yan majalisa. Abin da suke da shi kariya ce a kan maganar da suka yi a cikin zaure ko kwamiti, a ƙarƙashin dokar iko da haƙƙoƙin majalisu. Mu koma Ingila.

Akawun_Zaure:
Akwai dabarar da wakilai suka samo ta rage ikon kakaki. A zaman yau da kullum mutum sau ɗaya yake magana a kowane karatu, a tsaye, ba hula, yana fuskantar kakaki, kuma ba ya kiran sunan wani wakili. A farkon mulkin James sai suka fara mayar da majalisar gaba ɗaya kwamiti. Kakaki ya sauka daga kujera, a ɗora wani wakili, kowa ya yi magana iya son ransa. Manyan muhawarorin shekarun 1620 a kan haraji da tsare mutane ba shari'a a irin wannan zama aka yi su. A 1604 kuma suka kafa ƙa'idar cewa abin da aka yanke ba a sake kawo shi a zama ɗaya, wadda kakakin majalisar Birtaniya ya jawo a Maris 2019 lokacin rikicin ficewa daga Tarayyar Turai. Ƙa'idar sai mutum 40 sun hallara a fara aiki ta zo a Janairun 1641.

Malama_Tarihi:
Ɗalibi, ga abin da nake ganin ya fi kusa da amsarka. Kariyar tana da ƙarfi a kan sarki muddin majalisa na zaune kuma yana bukatar kuɗi. A Mayun 1626 Charles na Ɗaya ya kama wakilai biyu, Sir John Eliot da Sir Dudley Digges, ana tsakiyar tuhumar Buckingham. Wakilai suka ce ba za su taɓa wani aiki ba sai an sake su, aka sake su. Iyayen ƙasa suka yi haka a kan ɗaya daga cikinsu, Earl na Arundel, shi ma aka sake shi. Shi ya sa sarakuna suka fi jira sai sun rushe majalisa. James ya yi haka a 1614. A Disambar 1621 wakilai suka rubuta a littafinsu cewa haƙƙoƙinsu gadon 'yan Ingila ne tun kaka da kakanni, kuma suna da ikon tattauna duk wani babban al'amarin ƙasa. James ya sa aka kawo littafin ya yage shafin da hannunsa, ya rushe majalisar, wakilai biyu kuma, Sir Edward Coke da Sir Robert Phelips, suka tafi Hasumiya.

Kira, ɗagewa da rushewa duk a hannun sarki suke. In majalisa ta ɗage zamanta da kanta, aiki na nan inda aka bar shi. In sarki ya rufe zaman, duk ƙudurin da bai sami amincewarsa ba ya mutu, sai a faro daga karatu na ɗaya.

Alhaji_Tsohon_Malami:
Ranar 2 ga Maris 1629 ta nuna duka ɓangarorin. Kakaki John Finch ya ce sarki ya umarce shi ya ɗage zama, ya yunƙura zai tashi, domin in ya bar kujera zama ya ƙare. Denzil Holles da Benjamin Valentine suka danne shi a kujerar, aka kulle ƙofa, manzon sarki na waje yana bugawa, aka karanta shawarwari uku na Eliot aka amince da su da murya. Bayan rushewa aka gurfanar da su. A 1630 alƙalai suka ce dokar Strode ta mutum ɗaya ce, aka ci Eliot tarar fam 2,000. Ya ƙi neman gafara, ya rasu a Hasumiya a 1632. Valentine bai fito ba sai 1640. Shekara 11 ba a kira majalisa ba.

Dalibin_Shari'a:
To ai wannan ya tabbatar da maganata.

Barista_Gwale:
Bai tabbatar ba. Ranar 4 ga Janairu 1642 Charles ya shiga zauren da kansa da mutane ɗauke da makamai a bakin ƙofa, yana neman wakilai biyar: Pym, Hampden, Holles, Haselrig da William Strode. Tuhumar cin amanar ƙasa ya ɗauko, wadda kariya ba ta rufe ba. Duk da haka sun riga sun tsere ta kogi zuwa cikin birni, kakaki William Lenthall ya durƙusa ya ce masa ba shi da idon gani ko harshen magana a wurin sai yadda majalisa ta umarce shi. Birnin Landan ya ƙi miƙa su, cikin mako guda sarki ya bar birnin. Abin da suna ne kawai ba ya tayar da gari haka. Kuma tun kafin 1689 aka warware hukuncin Eliot: wakilai suka ayyana a 1667 cewa dokar Strode ta kowa ce, iyayen ƙasa suka soke hukuncin a 1668.

Hajiya_Laburare:
Barista, amma a 1686 kotu ta ci Sir William Williams tarar fam 10,000 saboda wata takarda da ya ba da izinin bugawa a 1680 yana kakaki, bisa umarnin majalisa. Shekara 18 ke nan bayan 1668. Wannan shari'ar na cikin dalilan da suka sa aka rubuta a 1689 cewa ba wata kotu ko wani wuri a wajen majalisa da zai tuhumi magana, muhawara ko aikin da aka yi a cikinta. Don haka rubutun ya ƙara wani abu.

Malama_Tarihi:
Ya ƙara, sai dai ni na fi ba kuɗi nauyi a kan rubutu. Elizabeth zama 13 kawai ta kira a mulkin shekara 44. Daga 1689 kuwa ba shekarar da majalisa ba ta zauna ba, saboda yaƙi da Faransa, da ba da kuɗi na ɗan lokaci, da dokar ladabtar da soja da ake sabuntawa a kai a kai. Sarkin da zai dawo neman kuɗi baɗi ba zai kulle masu ba shi a bana ba.

Bakatsine82:
Kuma kada a ɗauka majalisar ta yi adalci da ikon da ta samu. A 1621 wakilai suka yanke wa Edward Floyd hukunci, wani ɗan Katolika da ba ɗan majalisa ba, don ya yi wa 'yar sarki da mijinta ba'a. Ba su da ikon rantsar da shaida ma. Iyayen ƙasa suka karɓe shari'ar suka ƙara tsananta hukuncin. Buga muhawara kuma ana hukunta shi a matsayin keta haƙƙin majalisa har 1771, lokacin da suka kulle magajin garin Landan a kan batun masu buga jaridu, jama'a suka juya musu baya.

Dan_Damagaram:
Malama, saura batun zaɓe. Wa ke yanke hukunci in mutum biyu na jayayya a kan kujera ɗaya? In fada ce, ai kariyar ba ta da amfani, sai a hana mutum shiga tun daga ƙofa.

Malama_Tarihi:
A kan wannan aka yi rikicin Buckinghamshire a 1604. Masu zaɓe suka zaɓi Sir Francis Goodwin, ofishin shugaban shari'a ya soke zaɓen da hujjar cewa kotu ta taɓa ayyana shi wanda ya guje wa shari'a a kan bashi, aka sake zaɓe Sir John Fortescue, ɗan majalisar sarki, ya samu. Wakilai suka zaunar da Goodwin suka ce su ne alƙalan zaɓen 'ya'yansu. James ya ce haƙƙoƙinsu daga gare shi suka fito. Aka sasanta a kan a ajiye su biyun a yi zaɓe na uku, amma daga nan ƙorafin zaɓe kwamitin haƙƙoƙi na majalisa ke sauraronsa. Illar da ta biyo baya ita ce ɓangaren da ke da rinjaye ya riƙa zaunar da nasa ko da hujja ba ta tare da shi, har aka mayar da aikin ga ƙaramin kwamitin da ake rantsarwa a 1770, daga baya kuma ga alƙalai a 1868.